Tambayoyi da amsoshi kan nemo rubutu da tattara shi don binciken zamantakewa

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu bincike a fannonin zamantakewa, siyasa, tarihi da aikin jarida suka fi yi idan aikinsu ya rataya a kan rubutu. An fi ba da ƙarfi ga rubutun Hausa da takardun da suka shafi Arewacin Najeriya da Nijar, domin suna da nasu matsalolin da littattafan koyar da bincike ba su cika taɓowa ba.

Wane irin rubutu ne ake ɗauka a matsayin bayanan bincike?

Iri biyu ne. Akwai wanda mutane suka samar don buƙatar kansu: labaran jarida, wasiƙun masu karatu, rahotannin hukuma, kundin zaman majalisa, hukuncin kotu, takardun koke, waƙoƙin ajami, sharhin da ake yi a ƙarƙashin labari a Facebook. Akwai kuma wanda mai bincike ya samar da kansa, kamar hirar da ya naɗa ya mayar da ita rubutu. Tarin takardu yana zama bayanan bincike ne idan za ka iya faɗa wa mai duba aikinka yadda kowace takarda ta shigo hannunka da dalilin da ya sa ka bar wadda ka bari. In babu wannan, abin da kake da shi tsintuwa ce, kuma ba a gina hujja a kan tsintuwa.

Da me zan fara, da tattarawa ko da tsara tambaya?

Da tambaya, sannan ka shata iyaka huɗu a rubuce tun kafin ka sauke ko layi ɗaya: lokaci, majiya, harshe, da abin da za ka ƙirga a matsayin guda.

A ce kana son sanin yadda kafofin Hausa suka ba da labarin cire tallafin man fetur, wanda Shugaba Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki ranar 29 ga Mayu, 2023. Lokaci: daga wannan rana zuwa ƙarshen Agusta. Majiya: a ce BBC Hausa, Aminiya da Premium Times Hausa. Harshe: Hausa, amma me za ka yi da sharhin da aka cakuɗa da Turanci? Yanke shawara yanzu, ka rubuta. Guda: labari sukutum, ko sakin layi, ko kanun labari kawai? Wanda ya ƙirga labarai da wanda ya ƙirga sakin layi za su iya fitowa da sakamako daban daga tari ɗaya.

Akwai tambaya ta biyar da ake yawan tsallakewa: muryar wa ce ba ta cikin wannan rubutu? Mai sharhi a Facebook yana da waya, yana da kuɗin data, ya kuma iya boko. Manomin da tsadar mai ta hana shi ban ruwan tumatirinsa da wuya ka same shi a can. Wannan bai hana a yi aikin ba, amma ya hana a rubuta "ra'ayin mutanen Arewa" a kan abin da sharhin shafuka uku ne kawai.

Ina ake samun tsofaffin takardu na hukuma?

Na zamanin mulkin mallaka a Arewa, babban wurinsu shi ne Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. An kasa fayilolin bisa ofishin da suka fito: SNP na sakatariyar lardunan Arewa ne, KANOPROF na lardin Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, haka sauran. Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna a Kaduna da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, yana da takardu da jaridu da rubuce-rubucen hannu. A Kano akwai Hukumar Tarihi da Al'adu, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. A Yamai akwai ma'adanar ƙasa, da kuma cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH mai sashen littattafan Larabci da ajami. Wasiƙun da suka tafi Landan suna ma'adanar ƙasa ta Birtaniya da ke Kew, a jerin CO 446 na Arewacin Najeriya da CO 583 na Najeriya. Na ɓangaren Faransa kuma wasu suna Dakar, wasu suna Aix-en-Provence.

Kafin tafiya ka tanadi takardar gabatarwa daga sashenku da katin shaida, ka kuma tambayi dokar ɗaukar hoto da kuɗinta, don tana canzawa. Ka nemi sunan wuri da duk rubutun da aka taɓa yi masa: Haɗeja tana fitowa a matsayin Hadejia ko Hadeija, Tasawa a takardun Faransawa Tessaoua ce, Damagaram kuma Zinder.

Sannan ka tuna da wanda ya riƙe alƙalami. Rahoton Di'o a kan haraji da jangali magana ce da ta bi ta bakin dagaci da hakimi da tafinta kafin ta zama Turanci. Yana nuna maka abin da hukuma ta gani da abin da aka yarda a faɗa mata. Kukan talakan da aka aza wa harajin sai an neme shi a wani wuri, kamar takardun koke da waƙoƙin 'yan NEPU.

Takardun gwamnati na yanzu fa?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikata kana neman takarda, kuma ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ka faɗi sunan takardar da shekararta ƙarara, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Buƙatar da aka rubuta a dunƙule, irin "duk bayanai kan ilimi", ita ce ta fi saurin kwantawa a cikin durowa.

Yaya ake ɗaukar hoton takardu yadda za su yi amfani daga baya?

Hoton farko na kowane fayil ya zama bangonsa, inda lamba da suna suke. Sai shafuka a jere, har da waɗanda kake ganin ba su da amfani, domin idan ka koma gida ba za ka tuna ko shafi na 14 ya ɓata ne ko kai ka tsallake shi ba. In shafi ya yage ko babu shi, rubuta haka a ƙaramar takarda ka ɗauki hotonta a gurbinsa. Kashe filasha, ka zauna kusa da taga, ka riƙe waya daidai bisa takardar ba a karkace ba. A lokacin hunturu tsohuwar takarda tana bushewa ta yi ƙamas, kana lanƙwasa ta sai ta kakkarye, don haka a juya ta da tafin hannu. Duk yamma ka juye hotunan a kwamfuta ka raba su fayil-fayil. Manhajar Tropy kyauta ce, kuma don wannan aikin aka yi ta.

Dole ne in karanta duk fitowar jarida?

In lokacin gajere ne, kamar makonni shida na yaƙin neman zaɓe, ɗauki duka. In shekaru ne, sai samfuri, amma ba ta hanyar ɗaukar abin da ya fi sauƙin samu ba. Ga jaridar kullum ana haɗa mako ne: a zaɓi Litinin ɗaya da ƙuri'a daga cikin Litinin ɗin shekara, Talata ɗaya, har zuwa Lahadi. Dalili shi ne kowace rana da abin da ta saba ɗauka, ta Juma'a tana da shafin addini, ta ƙarshen mako tana da nishaɗi. Irin wannan mako guda biyu shi ne ma'aunin da aka saba amfani da shi don wakiltar shekara. Ga jaridar mako-mako, a zaɓi fitowa ɗaya da ƙuri'a a kowane wata.

Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, da New Nigerian ta 1966, da Albishir da Alfijir na kamfanin Triumph a Kano, da wuya a same su cikakku a wuri ɗaya. Ka yi jadawalin fitowar da ka samu da wadda ta ɓace, ka sa shi a cikin kundinka. Giɓin yakan faɗo a lokutan rikici ko ƙarancin takarda, wato daidai inda labari ya fi zafi.

Na nemi kalma a shafi ko a cikin tarina, sakamako kaɗan ya fito. Me ya faru?

Nan ne aikin Hausa ya fi cin mutane. Kalma ɗaya tana da fuskoki da yawa a rubuce, kwamfuta kuwa kowace fuska kalma ce daban a wurinta. Zaɓe yana zuwa a matsayin zaɓe, zabe, za6e, zab'e, zave. Ƙasa tana zuwa a matsayin ƙasa, kasa, qasa, k'asa. 'Yan yana zuwa da ƴ a rubutun Nijar, ko yan babu komai, kuma ita kanta alamar da ke gaban y tana da siffa aƙalla uku da ido ke ganinsu ɗaya amma lambarsu daban a kwamfuta. Gwamnati, gomnati, gwabnati. Wanda ya yi karatu da Faransanci zai rubuta tchikin a maimakon cikin, sannou a maimakon sannu.

Idan ka cire ƙugiya don ka kamo su duka, sai wata matsala ta taso: ƙasa ta haɗe da kasa ta gazawa da kasa ta maciji. Mai binciken ƙarancin ruwan sama da ya nemi "fari" zai kwaso farin kaya da ɗan fari da "tun da fari". Maganin shi ne a haɗa kalmar da maƙwabtanta, kamar damina, amfanin gona, ruwan sama, sannan a duba da ido.

Bayan rubutu akwai zaɓin kalma. Abu ɗaya wata kafa ta ce 'yan bindiga, wata ɓarayin daji, wata 'yan fashin daji, wata 'yan ta'adda. In ka nemi ɗaya kawai, ka zaɓi kafar da ke amfani da ita ba tare da ka sani ba, alhali bambancin sunan shi kansa abin nazari ne. Haka tsakanin ƙasashe: asibiti a Kano, likita a Maraɗi, makaranta a nan, lakwal a can.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a karanta rubutu 50 zuwa 100 a kan batun kafin a tsara kalmomin nema, a fitar da kowace fuska da jam'inta da sigar mace. A nema, a zaɓi 100 daga sakamakon da ƙuri'a a ga nawa ne suka dace. Sannan a ɗauki kwana biyu ko uku a karanta duk abin da kafar ta buga a ranakun, a ga labarai nawa kan batun ne neman ya tsallake. Gwaji na farko yana nuna dattin da ka kwaso, na biyu yana nuna abin da ya zube, kuma na biyun ne aka fi mantawa da shi. Manhajar AntConc tana jero kalma a tsakiyar layi da abin da ke gabanta da bayanta, tana sauƙaƙa wannan dubawa ƙwarai.

Yaya ake kwashe rubutu da yawa daga shafin intanet?

In bai wuce labarai 200 ko 300 ba, yi da hannu ta Zotero, wadda ke adana kwafin shafi da adireshinsa da ranar da ka ɗauka. In dubbai ne, sai manhaja: Beautiful Soup ko Scrapy a harshen kwamfuta na Python, rvest a na R. Fara da karanta sharuɗɗan shafin da fayil ɗinsa na robots.txt, inda masu shi ke faɗin sassan da ba su yarda a kwasa ba. Tara adireshi tukuna a fayil guda, daga taswirar shafin ko shafukansa na rukuni, don akwatin nema na shafi yakan nuna sababbin labarai ne kawai. Sauke shafukan da tazarar daƙiƙa 2 zuwa 5 tsakani. In ka ga lamba 429 ko 403, alama ce kana sauri ko an rufe maka ƙofa, sai ka dakata ka rubuta wa masu shafin. Adana kowane shafi yadda ya zo, sannan ka ciro rubutun a mataki na daban, domin in ka gano kuskure ba sai ka sake saukewa ba.

Abin da ya fi lalacewa abu uku ne: jerin "labarai masu alaƙa" ya shiga cikin jikin labari ya kumbura ƙidaya, manhaja ta ɗauki ranar da aka gyara labari a maimakon ranar da aka buga shi, ko shafin ya zo fanko saboda rubutun sai an buɗe shi a burauza yake bayyana. Buɗe guda 50 ka gwada su da na asali kafin ka ci gaba. Shafin da ya mutu kuwa a neme shi a Wayback Machine, ma'adanar da ke ajiye tsofaffin kwafin shafukan intanet, amma ba kowane shafi ta kama ba, kuma ranar kamu ba ita ce ranar bugawa ba.

Facebook, X, YouTube da WhatsApp fa?

Ƙofofin kwasar bayanai daga waɗannan kafofi sun ƙuntata. X ta rufe damar kyauta da take bai wa masu bincike a 2023. Meta, mai Facebook, ta rufe manhajarta ta bin diddigin rubuce-rubuce, CrowdTangle, a Agustan 2024, ta maye gurbinta da Meta Content Library, wadda sai an nemi izini ta hannun jami'a ko cibiyar bincike. YouTube har yanzu tana bayarwa, amma da awon maki a kowace rana: nema yana da iyaka mai tsauri, kwaso sharhi kuwa maki kaɗan yake ci. Saboda haka ka zaɓi bidiyoyin da hannu, ka kashe makin a kan sharhi.

WhatsApp ba dandalin jama'a ba ne. Zaure ne na waɗanda suka san juna, ko da sun kai ɗaruruwa. Kasancewarka a ciki ba izini ba ne, sai an sanar da mambobi sun yarda. Fayil ɗin da ake fitarwa yana ɗauke da lambobin waya, kuma saƙon murya, wanda shi ne babban ɓangaren hirar masu Hausa, ba ya zama rubutu da kansa.

Tunda kowa na iya ganin rubutun, ina buƙatar damuwa da sirri?

Ƙwarai kuwa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa addini, ƙabila, lafiya da ra'ayin siyasa cikin bayanan da ke buƙatar kulawa ta musamman, Nijar ma tana da dokarta da hukumar kare bayanai ta HAPDP. Cire suna kaɗai bai isa ba, domin jimlar da ka kawo kalma da kalma ana iya nemo mai ita cikin minti ɗaya. A batutuwa irin su zargin ɓatanci ko ba da bayani kan 'yan bindiga, wannan maganar rai ce. Ka sauya suna da lamba tun ranar tattarawa, ka ajiye jadawalin da ke haɗa su a wuri daban mai kalmar sirri, ka faɗi ma'anar maganar talaka da kalmominka. Gwamna ko ɗan majalisa da ya yi magana a matsayinsa, shi ana ambatonsa. Takardar amincewar kwamitin ɗa'a a neme ta kafin tattarawa.

Yaya zan mayar da hoton shafi ya zama rubutun da ake iya nema?

Da manhajar karanta hoto, irin Tesseract. A yi sikanin a kan ɗigo 300 a inci, 400 in rubutun ƙanana ne, a miƙe shafin, a yanka jarida ginshiƙi-ginshiƙi don kada ta haɗa layin wannan labari da na maƙwabcinsa. Haruffa masu ƙugiya su ne suka fi shan wahala: ƙ ta koma k, ɓ ta koma b ko 6. Ka buga kalmomi 1,000 da hannu ka gwada da abin da manhajar ta fitar. In kuskure ya kai kalma 1 cikin 10, ƙidayar kalmomi ba za ta zama abin dogaro ba sai an gyara.

Ajami kuwa manhajar Larabci ba ta iya masa. Hannun magribi ne, wasula ne ke ɗauke da ma'ana, rufu'a tana iya zama o ko u, b da ɓ sau da yawa harafi ɗaya ne, kuma kowane malami da tasa ƙa'ida. A zauna da wanda ya tashi cikin karatun allo, a juya layi da layi zuwa boko, a ajiye hoton kusa da juyin, a sa alama duk inda aka yi shakka. In shafukan sun yi yawa kuma hannu ɗaya ne, ana iya horar da manhajar karanta rubutun hannu, Transkribus ko eScriptorium, da waɗanda aka riga aka juya. Jami'ar Boston da shirin ceto takardu na Laburaren Birtaniya sun sa hotunan rubuce-rubucen ajami da dama a intanet kyauta.

Na buɗe fayil sai na ga Æ™asa a maimakon ƙasa. Ya lalace ke nan?

Bai lalace ba. An adana haruffan fayil ɗin da tsarin UTF-8 ne, Excel ta buɗe shi da wani tsari. Rufe shi ba tare da adanawa ba, ka shigo da shi ta hanyar shigo da bayanai ka zaɓi UTF-8, ko ka buɗe da LibreOffice. In kuwa abin da ka gani shi ne }asa, ]an, za~e, ko qasa, xan, zave, to an buga shi da tsohon font ɗin Hausa ne, irin wanda aka buga kundaye da yawa na jami'o'i da shi. Ana gyarawa da musanya harafi, amma a yi hattara da q, x da v, kada a ɓata sunaye da kalmomin Turanci da ke ciki.

Me zan yi da rubutun da ya maimaitu?

Sanarwar gwamnati ɗaya tana iya fitowa a shafuka goma da ɗan canjin kanu. In tambayarka yaɗuwar saƙo ce, bar su ka yi musu alama. In ra'ayoyi kake ƙirgawa, bar ɗaya. Ka lura kuma da shafukan da na'ura ta fassara daga Turanci, ana gane su da karin magana da aka juya kalma da kalma da rikicewar jinsi. Ba maganar masu Hausa ba ce, kuma in sun yi yawa za su karkatar da duk abin da ka ce game da yadda mutane ke magana.

Shirin rediyo, huɗuba da hira fa?

Awa ɗaya ta magana tana cin awa 4 zuwa 6 kafin ta zama rubutu, fiye da haka in mutane da yawa ne ke magana. Rubuta yadda aka faɗa: in Basakkwace ya ce "mi na na", kada a daidaita masa. Sa alamar lokaci duk bayan minti biyu. Abin da manhaja ta juya daga murya daftari ne kawai, sai an saurara an gyara.

Wane bayani zan ajiye game da kowane rubutu?

Layi ɗaya a jadawali ga kowane rubutu: lamba, majiya, marubuci in an sani, ranar bugawa, ranar ɗauka, adireshi ko lambar fayil, harshe, boko ko ajami, asali ko fassara, da wanda ya tattara. Rubuta kwanan wata da tsari ɗaya, 2023-05-29, don 05/06 wani zai karanta Mayu wani Yuni. Kada a taɓa kwafin asali, a yi gyara a kan wani. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Shafin A4 mai launi a tsarin TIFF yakan kai megabait 25, wato shafi 1,000 gigabait 25 ke nan, sai a sayi ma'adanar da za ta ɗauka tun da wuri. Ka riƙe littafin aiki kuma, inda kullum za ka rubuta kalmar da ka nema, a ina, sakamako nawa, me ka zubar kuma don me. Babin hanyoyin bincike na kundinka daga nan zai fito.

Rubutu nawa ne ya isa?

Ya danganta da irin nazarin. Mai karatun ƙwaƙwaf da ke fitar da jigogi yana iya tsayawa idan ya karanta sababbi 20 ko 30 a jere bai ga sabon jigo ba. Mai kwatanta kafofi ko shekaru ya duba rukuninsa mafi ƙanƙanta, domin labarai 5,000 ba su da amfani wajen kwatance in guda 12 ne kawai suka fito daga Nijar. A irin wannan hali sai a koma a ƙaro daga Nijar, ko a taƙaita tambayar ga Najeriya a kuma gyara taken kundin ya nuna hakan.